Littafin da na nema a Gusau ban samu ba

A zangon karatun da ya wuce na ɗauko Shaihu Umar na kai wa 'yan ajina, a makarantar 'yan matan da nake koyar da Hausa a nan Gusau. Kwafi huɗu gare mu, yara kuwa sun haura sittin, don haka muka yi yadda muka saba: ɗaya ta miƙe ta karanta da ƙarfi, saura su saurara, in ta gaji ta miƙa wa ta kusa da ita. Ni kaina na karanta littafin nan ya fi sau goma tun ina ɗan sakandare, har na ɗauka ya gama ba ni abin da zai ba ni. Ranar da muka iso inda aka sace yaron, sai mai karatun ta yi shiru a tsakiyar layi. Na zaci wata kalma ce ta gagare ta, na ce, "Ci gaba mana." Ba ta ci gaba ba. Ta ajiye littafin a kan benci, ta ja hijabi ta rufe fuska, ta zauna. Ajin da ko alli ne ya faɗi ƙasa sai an yi dariya, ran nan ko tari babu wadda ta yi. Daga baya ta kusa da ita ta raɗa mini cewa ƙanen yarinyar ya yi wata biyu a daji bara, sai da aka sayar da gonar gidansu aka karɓo shi.

Da aka tashi ta same ni a bakin ofishin malamai, ta durƙusa ta ce, "Malam, ka yi mini haƙuri." Na ce babu abin haƙuri, ni ne ban sani ba. Ta ɗan yi jim, sannan ta ce, "Malam, wanga littafi yaushe anka rubuta shi?" Na ce a 1934 aka buga shi. Ta ce, "Su saida su anka yi, mu ko kuɗɗi anka biya anka amso shi. Amma uwar nan tashi, wallahi kamar innarmu."

A daren na sake karanta littafin daga farko har ƙarshe ban tashi ba, kuma kamar ban taɓa buɗe shi ba. Da can Umar nake bi, yaron da aka sace, ya ƙetare hamada, ya zama babban malami. A wannan karon uwar na bi. Matar da ta bar gida ta shiga duniya neman ɗanta, ita ma ta faɗa hannun masu bauta, ta sha wuyar da ta sha, ba ta gan shi ba sai da ƙarfinta ya ƙare. Na san matan nan. Ina ganinsu a tashar mota suna jiran wanda ya kai kuɗin fansa ya dawo. Ina ganinsu sun ƙulle waya a bakin zane, ba sa yarda caji ya ƙare ko na minti ɗaya, don kada mutanen daji su kira su ji ta a kashe.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shekarun marubucin. Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1912 aka haife shi, ke nan yana saurayi ɗan ashirin da 'yan kai, malamin makaranta a Bauchi, ya rubuta wannan labari. Lokacin harin bayi bai daɗe da ƙarewa ba, waɗanda aka kama da waɗanda suka yi kamun duk suna nan da ransu, ana haɗuwa da su a kasuwa da masallaci. Ya ɗauki abin da ya ji a bakin manyansa ya zuba shi cikin Hausar da kowa zai gane. Bayan kimanin shekara 90, ga shi ya tsayar da yarinya a tsakiyar layi a Gusau. Mu fa? Shekara goma sha muke cikin wannan masifa. Ina namu littafin?

Na fita nema. Na bi masu sayar da littattafai na wajen Tsohuwar Kasuwa da waɗanda ke shimfiɗa tabarma a bakin masallatai ran Juma'a. Littattafan addini ga su nan, Alhamdu lillahi: Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, Arba'una Hadisi. Ga tambayoyin jarrabawar shekarun baya na masu shirin shiga jami'a. A wani shago, can ƙasan kanta, na ga ragowar littattafan soyayya na da, ƙura ta rufe su, bangonsu ya koɗe. Na gaya wa mai shagon abin da nake nema, labari ko tarihi da Hausa a kan halin da jiharmu take ciki. Ya dube ni ya ce, "Malam, ai yanzu littafi ya koma waya."

Gaskiya ya faɗa. A gidana ma akwai shaida. 'Yar ƙanwata da ke zaune wurinmu ba ta kwana ba ta yi karatu ba. Ta tura naira 500 aka sa ta a wani zauren WhatsApp, kullum da dare marubuciyar ta sako shafi biyu ko uku, mata ɗaruruwa suna jira, in ta makara har cigiya suke yi. Na ce ta tura mini ɗaya wanda aka riga aka kammala. Cikin mako guda na cinye shi, kuma ba zan ɓoye ba, ya riƙe ni. Marubuciyar tana da baiwa. Ta san yadda uwar miji ke yanka magana ba ta ɗaga murya ba, ta san irin gaisuwar da kishiya ke yi wadda ta fi zagi ciwo, ta san inda za ta datse shafi ta bar ka da ƙishirwa. Hausarta mai rai ce, irin wadda ake ji a tsakar gida. Sai dai duk labarin tsakanin Maitama da Dubai yake yawo. Jarumin yana da kamfanoni da jirginsa na kansa. Yarinyar 'yar ƙauye ce, amma shafi biyu kacal ta yi a ƙauyen aka ɗauke ta, ƙauyen ma ba shi da suna, ba shi da gona, ba shi da dare. 'Yar tawa ta ce marubuciyar 'yar jihar nan ce. Na ce to me ya hana ta rubuta abin da ke gabanta?

Ta ce, "Kawu, abin da muke gani da rana, shi kuma za mu kwanta muna karantawa da dare?"

Na rasa amsa a lokacin, kuma har yau ina ganin nauyin maganarta. Wanda ya wuni yana jin labarin an tare hanyar Funtuwa, an shiga gari kaza, yana da haƙƙin ya sami wurin da zai ajiye zuciyarsa ta huta. Ba na cikin masu zagin waɗannan marubuta. Tun daga marubutan Kano na shekarun 1980 har zuwa na waya a yau, yawancinsu mata, su ne suka riƙe karatun Hausa da rai a lokacin da ɗakunan karatu na hukuma suka zama wurin kwanan tsuntsaye. An kira su masu ɓata tarbiyya, an raina rubutunsu, ba su fasa ba. Su ne kuma suka ƙaryata maganar nan da muke yawan maimaitawa, wai Bahaushe ba ya karatu. Yana yi. Har kuɗi yake biya. Abin da nake cewa shi ne kada hutun ya zama shi kaɗai ne abin da muka bari a rubuce. In jikar 'yar ƙanwata ta tashi nan da shekara sittin tana son sanin yadda kakarta ta rayu, ta buɗe abin da aka rubuta da Hausa a zamaninmu, za ta ɗauka a Dubai muka yi waɗannan shekaru.

Na sami wani abu da ya yi kusa da abin da nake nema, amma da Turanci. Wani abokina ya turo mini ɗan littafin da wani malamin tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ya gabatar a 2021, bayan ya yi shekaru yana bincike a kan 'yan bindigar Zamfara, har dajin ya shiga ya zauna da su. Ya bi sawun abin tun daga wajen 2011, yadda satar shanu ta zama gungu, gungu ya zama runduna. Aiki ne na mai ƙarfin hali, Allah ya saka masa. Na ƙaru da shi ƙwarai. Amma ina karantawa ina kallon Gwaggo a ƙofar ɗaki tana tsince shinkafa, matar da labarinta ne a cikin takardun nan, kuma ko kalma ɗaya ba za ta ji ba.

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce. Shekara huɗu ke nan da ta baro ƙauyensu a yankin Ɗansadau ta dawo gidana da jikoki uku. Na riƙa fassara mata wasu wurare. Ta kan gyaɗa kai, wani wurin ta ce haka ne, wani wurin ta ce, "A'a, mu ba haka anka yi muna ba." Daga nan sai ta fara nata. Rahoto zai ce an kai hari an kashe mutum kaza, an raba kaza da gidajensu. Gwaggo kuwa tukunyar tuwo take tunawa, wadda ta bari a kan murhu ta riga ta yi talge ba ta tuƙa ba. Tana tuna akuyar da ke ɗaure a turke tana kuka, ba wanda ya tsaya kwance ta. Tana tuna yadda suka kwanta a cikin dawa, damina ce, dawar ta yi tsawo, ta tura bakin zanenta a bakin ƙaramin jikanta don kada ya yi kuka, tana jin ƙarar babura suna wucewa, tana jin numfashin yaron yana yin sama-sama a tafin hannunta, ba ta san ko ta sake shi ko ta ƙara dannewa ba. Ta ce har yau in yaron yana barci sai ta kai hannu hancinsa. Wannan ba ya shiga lissafi. Mai ƙirga gawa ba zai tambaya ba, kuma ba laifinsa ba ne, ba aikinsa ba ke nan. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuka ma haka.

Tsorona shi ne mu mutane ne masu saurin binne abu. Na tambayi 'yan ajina ko sun san abin da ya faru a Bakolori a 1980. Akwai 'yan Talatar Mafara da Maradun a cikinsu, amma madatsar ruwa kawai suka sani. Ba su san an kammala ta a 1978 ba, ba su san ruwan ya cinye gonaki da garuruwa ba, ba su san manoma sun tare hanyoyi suna neman diyya ba, har a watan Afrilu na 1980 aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Gwamnati ta ce mutum ƙalilan ne suka mutu, mutanen wurin suka ce ɗaruruwa ne. Waɗanda suka ga abin da idonsu yanzu tsofaffi ne, kowace shekara ana rage su. Na tambaye su gubar dalma ta 2010, wadda ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Bagega da 'Yargalma, lokacin da ake kawo duwatsun zinariya cikin gida ana daka su ana niƙa su a inda yara ke rarrafe. Kaɗan ne suka taɓa ji, alhali sa'o'insu ne aka binne. Ko watan Satumba na 2021, da aka datse layukan waya a jihar nan, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka, muka yi kusan wata guda a Gusau sai mutum ya shiga mota ya bar jihar kafin ya ji muryar ɗansa, yanzu in ana hira sai ka ji ana gardamar wace shekara ce ma.

Littafin da ya fi girgiza ni a cikin duk abin da na karanta bana shi ne mafi tsufa. Akwai wani dattijon malami a unguwarmu da muke zama a zaurensa bayan la'asar, mu biyar ko shida. Bana ya ce mu ɗauki Tazyinul Waraƙati na Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Abdullahin Gwandu. Larabcina ba mai nisa ba ne, Malam ne ke ja muna bi, ya karanta baiti ya warware shi da Hausa. A 1813 Malam Abdullahi ya tattara waƙoƙinsa, ya sa kowace a gurbinta, ya faɗi inda aka yi ta da dalilin yin ta. Sai abin ya zama tarihin rayuwarsa da ta jama'ar Shehu, daga yawon wa'azi har zuwa yaƙi.

Akwai mu a ciki. Ya ba da labarin yadda suka zo ƙasar Zamfara tare da Shehu Usmanu suka yi kamar shekara biyar suna kira, kuma bai yaba wa kakanninmu ba, ya ce jahilci ya yi musu yawa. Da Malam ya fassara wurin sai zauren ya yi tsit, wani daga cikinmu ya yi gyaran murya. Ba daɗi. Amma na yi tunani a hanyar gida: shi ya rubuta abin da ya gani, shi ya sa muke jin ta bakinsa bayan shekara 200. Su Zamfarawan wancan lokaci me suka ce? Me suka gani? 'Yandoto, nan kusa da Tsafe, gari ne na malamai da ya yi suna tun kafin jihadi. Da malamansa suka ƙi bin jama'ar Shehu aka ci garin da yaƙi, suka watse. Yawancin abin da ake faɗa a kansu a yau daga alƙalamin waɗanda suka ci su ya fito. Ba ina tuhumar kowa ba ne, ni almajirin littattafan mujaddadan nan ne. Ina nuna abin da ke samun wanda bai bar takarda ba.

A cikin wannan tafiya ce kuma wani malami, Mustafa Gwani, ya aiko wa Shehu da baitoci yana sukar yadda mata ke halartar wa'azinsa. Shehu ya ce Abdullahi ya amsa. Amsar ita ce barin mata cikin jahilci ya fi abin da ake gudu muni. Da muka zo nan Jangebe ce ta faɗo mini, 'yan mata 279 da aka kwashe daga makarantarsu cikin dare a watan Fabrairu na 2021, aka sako su bayan 'yan kwanaki. Yanzu duk sun girma, wasu sun yi aure, wasu sun ci gaba da karatu, wasu tun ran nan iyaye ba su sake barin su sun taka makaranta ba. Kowace ɗaya tana ɗauke da littafi guda a ƙirjinta, kuma sun iya rubutu.

Amma inda Malam ya cire tabarau ya ajiye a kan buzu shi ne waƙar da Malam Abdullahi ya yi lokacin da ransa ya ɓaci da mutanensa. Ana tsakiyar jihadi, an fita yaƙi, ya duba ya ga da yawa daga abokan tafiya na ƙwarai sun yi shahada, waɗanda suka rage kuma da yawansu zuciyarsu ta karkata ga mulki da ganima da tufafi da dawakin ado. Ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar tafiya Makka. A Kano aka tsayar da shi, ya zauna ya karantar, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda ake mulki da shari'a, daga baya ya komo. Abin lura, lokacin da yake tattara littafin a 1813 an riga an ci nasara, Alƙalawa ta faɗi tun 1808, shi kansa yana riƙe da yammacin daula. Da ya so da ya cire waƙar nan, babu mai tambayarsa. Ya bar ta. Malam ya ce, "Kun ji namiji. Nashi yaka hwaɗa ma, ba na wani ba."

Wannan ne ya sa na gane cewa littafin da nake nema ya fi yadda na zata wuya. Da farko na ɗauka abin da muke bukata shi ne mu rubuta abin da aka yi mana. Wannan rabi ne. Laifi tudu ne, kuma mun ƙware wajen taka namu mu hango na wani. In za mu rubuta da gaskiya, dole a sa yadda aka nome burtali da mashaya har makiyayi ya rasa inda zai bi da dabbobinsa. Dole a sa yadda aka mayar da Bafulatani saniyar tatsa, shanunsa su shiga gona a ci shi tarar da ta ninka ɓarnar sau goma, daga gaban mai gari har gaban alƙali. Dole a sa ranakun kasuwa da 'yan sa-kai suka kama mutum don kamanninsa kawai, suka yanka shi a bainar jama'a ba tuhuma ba shari'a, mutane suna kallo. Dole a sa infoma, wanda ba daga daji ya zo ba, ɗan unguwa ne, da shi ake sallah, shi ya san wanda ya sayar da waken suya jiya. Dole a sa mai kai musu fetur da burodi da ƙwaya. A 2022 gwamnatin jiha da kanta ta tuɓe sarakuna biyu bisa zargin suna da hannu. Kuma duk wannan ba zai wanke wanda ya ƙona rumbu, ya yi wa matar aure fyaɗe a gaban mijinta, ya sa wa talaka harajin noma da na girbi a gonar ubansa ba. Shi ma a rubuta shi yadda yake, ba ragi. Akwai wata Bafulatana da ta shekara goma tana kawo mana nono, ta san sunan kowane yaro a gidan nan. Wata rana ta daina zuwa. Ina so in karanta nata labarin kamar yadda nake son na Gwaggo, kuma Hausa ce harshen da su biyun za su iya jin juna da shi. Littafin da ya ɗauki gefe ɗaya zai zama itace ne a wutar da ke ci.

Na san abin da za a ce: tsoro. Gaskiya ne, ba kuma abin kunya ba ne. Mutum ya faɗi magana a shayi da safe, da dare a kira shi a waya a maimaita masa ita. Ba zan ce wa kowa ya sa sunansa da na garinsu a Facebook ba. Amma ai ƙagaggen labari mafaka ne. A sauya suna, a sauya gari, a haɗa mutum uku su zama ɗaya, gaskiyar tana nan. Wanda kuma ba zai iya bugawa yanzu ba ya rubuta ya ajiye, da boko ko da ajami, ko ya naɗi muryar tsohuwarsa a waya. Bugawa za ta iya jira. Mai ba da labarin ne ba ya jira.

Ban ce babu masu yi ko kaɗan ba. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, labarin da ya fara cin ta a kan sansanin 'yan gudun hijira ne, kuma tun daga nan mata suna ta rubuta gajerun labarai masu taɓa irin wannan ciwo. Mawaƙa ma sun yi nasu. Sai dai gajeren labari ɗaya a shekara ba zai ɗauki abin da ya faru daga Zurmi zuwa Maru, daga Shinkafi zuwa Tsafe, har ya tsallaka Birnin Yawuri a Kebbi ba.

Kuma abin ba ya bukatar dukiya mai yawa. A 1933 wani ɗan ofishin fassara a Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ya sa gasar rubuta labari da Hausa. Littattafai biyar suka fito daga ciki, har yau ana karanta su a makarantu, ɗayansu ne ya sa ɗalibata kuka. Kuɗin mota ɗaya daga cikin waɗanda ake raba wa manyan jami'ai ya isa a sa irin wannan gasa a jihar nan shekara biyar a jere, a buga waɗanda suka yi fice, a kai su makarantu. Muna da Jami'ar Tarayya a Gusau tun 2013, muna da kwalejojin ilimi a Gusau da Maru. Kowace shekara ɗaliban Hausa da na tarihi suna rubuta kundin kammala karatu. Me zai hana a tura su unguwannin da 'yan gudun hijira suka cika, su zauna da tsofaffi da zawarawa su rubuto abin da suka ji, a adana shi da amana, ba suna ba adireshi? Mun ga misali a gida. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shafe shekaru yana bin waƙoƙin makaɗan baka yana mayar da su kan takarda, shi ya sa baitocin da da sun bi masu su kabari suke hannun ɗalibai a yau. Irin wannan haƙuri ake bukata, a wannan karon a kan maganar talakawan da ba su da kalangu.

Marubutan waya kuwa, su na fi sa wa rai, domin su ne ke da masu karatu a hannu. Ba na ce su bar soyayya ba. Ai a ƙauyen Gwaggo ma ana soyayya. An sa ranar auren wata jikarta saura mako biyu aka watse, angon ya yi gabas ita ta yi yamma, sai bayan wata bakwai suka ji ɗuriyar juna. Wadda ta iya riƙe mata ɗaruruwa da rigimar uwar miji a Maitama za ta iya riƙe su da wannan.

Ni dai na sayo littafin rubutu mai shafi 80 na ce wa Gwaggo ina so ta ba ni labarin daga farko. Ta ce, "Mi za ka yi da shi? Wa za ya karanta maganata?" Na nuna mata 'yar ƙanwata, na ce ga mai karatu nan, ita ma za ta juye shi a waya don kada takarda ta ɓace. Ta yi shiru kwana biyu, ran na uku bayan isha'i ta shimfiɗa tabarma ta ce in zo.

Na zaci da daren harin za ta fara. Da rijiya ta fara, wadda kakansu ya haƙa, da tsamiyar da ke bakinta. Ta lissafa gonakin garin ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, wace ce ke yin dawa, wace ce ke yin auduga, wace fadama ce ake dasa rake. Ta faɗi gidajen da ke layinsu daga masallaci har bakin rafi, da wanda ke cikin kowane gida, in ta zo kan wanda ya rasu ta ce Allah ya jiƙansa, mu ce amin, ta wuce na gaba. Dare biyar muka yi, littafin ya cika, ba mu iso ranar ba tukuna. Na sayo na biyu.

Jiya ta kawo kan wani makiyayi da rugarsu ke bayan gari, wanda suka yi shekara talatin suna ba shi gero yana ba su taki. Shi ne ya aiko yaronsa da yamma a ɓoye, ya ce kada su kwana a gida. Na ɗaga biro na tambaye ta ko in bar wannan wurin, don gudun abin da ka je ya zo. Ta ce, "Ka sa shi. In ba don shi ba da ba ka ganni ba. Amma ka sake mai suna, yana da ɗiya can."